'Yata ta ƙi zama kusa da zabiya a aji, littattafan da na saya kuma ba su sauya ta ba

Assalamu alaikum Anti. 'Yata shekararta biyar. An kawo wata yarinya zabiya ajinsu, malama ta haɗa su benci ɗaya, sai 'yata ta fashe da kuka ta ce ba za ta zauna da ita ba, wai "irinsu" in suka taɓa mutum shi ma haka zai koma. A gaban yarinyar ta faɗa. Da malamar ta gaya mini, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi mata faɗa sosai, na ce kada in ƙara jin ta ambaci fatar kowa. Na sayo littattafai uku masu hotuna, labaran dabbobi masu launi iri-iri da suka zama abokai, ina karanta mata kowane dare. Tana son su, har ta haddace, amma malama ta ce har yanzu ba ta yarda ta riƙe hannun yarinyar. Maigidana ya ce in ƙyale ta, ƙuruciya ce, za ta wuce. Ni kuma ina zargin a bakin kakarta, mahaifiyar maigidan, ta ji wannan magana, don na taɓa jin Hajiya ta faɗi makamancin haka. Wane littafi zan nema? Kuma in tunkari Hajiya ne ko in yi shiru?

Wata uwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. 'Yar shekara biyar da ta furta wannan magana ba muguwa ba ce, ke ma ba gazawa kika yi ba. Abu biyu ne suka haɗu mata: idonta ya ga fuskar da bai saba da ita ba, sannan wani babba ya ba ta bayanin da ba gaskiya ba. Na farkon kowane ɗan Adam da shi yake tashi. A wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2005, an nuna wa jarirai hotunan fuskoki, aka ga sababbin haihuwa ba su da zaɓi, amma da sun kai wata uku sai su fi daɗewa suna kallon fuskoki masu launin mutanen da ke renon su. Shekara guda bayan nan wasu masana suka gwada jarirai 'yan asalin Habasha da ke zaune a masaukin baƙi a Isra'ila, inda kullum suke ganin baƙar fata da farar fata, sai aka tarar su ba su fifita kowace ba. Sabo ne ke nan, ba ƙiyayya ba.

Nan ne maigidanki yake da gaskiya, nan kuma gaskiyarsa ta tsaya. Baƙuntar fuska tana wucewa da kanta, yau da gobe ido zai saba. Bayanin da aka ba ta kuwa ba zai wuce ba sai an kawo wani an ajiye a gurbinsa. Ki lura da abin da ta ce. Ba ta ce yarinyar ba ta da kyau ba, ba ta ce ta doke ta ba. Cewa ta yi in an taɓa ta za a koma haka. Tsoro ne, kuma a hankalin yaro tsoro ne mai hujja. Da ni da ke aka ce mana ga mai cutar da ake ɗauka ta hannu, muka kuma yarda da wanda ya faɗa, da mu ma mun ja da baya. Littattafanki uku suna ce mata ta so kowa, ita kuwa tambayarta daban: shin zan kamu? Har yau ba wanda ya amsa mata.

Kuma ba za ta sake tambaya ba, tunda kin hana. Na fahimci zafin da ya sa kika yi faɗan, amma abin da ta koya daga gare shi shi ne batun fata yana tayar wa Mama da hankali, don haka a rufe baki. Bakin ya rufu, tsoron yana nan. Iyaye da yawa suna ganin in yaro bai ambaci bambanci ba to bai gan shi ba. An gwada wannan a Amurka a 2010 da yara 'yan shekara 8 zuwa 11. Wasu an karanta musu labarin da ke cewa launin fata ba abin kula ba ne, kada ma a lura da shi, wasu kuma labarin da ke cewa bambancin yana nan kuma abin mutuntawa ne. Da aka ba su misalan inda aka zalunci wani yaro saboda launinsa, 'yan rukunin farko sun fi kasa gane cewa wariya ce aka nuna, ko da abin ya fito fili. Wanda aka koya wa kawar da kai daga bambanci, da zaluncin ma yakan kawar.

Saboda haka kafin ki nemi sabon littafi, ki koma ki buɗe ƙofar da kika rufe. Ki same ta lokacin da take cikin nishaɗi, ki ce, "Ranar nan na yi fushi ne don maganarki ta sa 'yar ajinku baƙin ciki. Amma ban hana ki tambaya ba. Me kike tsammani zai faru in kin riƙe hannunta?" Daga nan ki yi shiru ki saurara, ko da abin da zai fito ya ba ki haushi ko dariya. Kada ki fara da "wa ya gaya miki?" Yaro yana jin wannan tambaya ya san ana neman mai laifi, sai ya kare wanda yake ƙauna, ya ɓoye sauran zancen.

Ga abin da ya kamata ke ki riƙe don ki amsa ba tare da kame-kame ba. Akwai wani sinadari a jiki, melanin, shi ke ba fata da gashi da ido launi. Zabiya jikinta ba ya yin sa, ko yana yin kaɗan ƙwarai. Gado ne, da shi ake haihuwar mutum, kuma a yawancin nau'o'insa sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar halittar, ko da su kansu ba zabaya ba ne. In haka ta kasance, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Ana samun sa a kowace al'umma ta duniya. Ba a ɗaukar sa ta taɓawa, ko ta zama wuri ɗaya, ko ta numfashi, ko ta kowace hanya. Ba ya taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da yake taɓawa shi ne ido da fata: gani yakan yi rauni, haske mai ƙarfi yana damun idon, wani lokaci ƙwayar idon tana rawa, rana kuma tana ƙona fatar har ta iya kai ga sankara in ba a kiyaye ba. Irin camfe-camfen da ake jingina musu da cutarwar da ke biyo baya su suka sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni don wayar da kai a kansu, ana kuma yin ta tun 2015. 'Yarki ba ta bukatar duk wannan. Ya ishe ta ki ce, "Haka Allah ya halicce ta tun daga ciki, kamar yadda ya yi ki da taki fatar. Ko kullum kuka riƙe hannu, taki ba za ta sauya ba, tata ma ba za ta sauya ba. Tana matso da littafi kusa da fuska ne don idonta ba ya hango nesa." Za ta sake tambaya gobe da jibi. Ki sake amsawa da kalmomin nan, da murya irin wadda kike gaya mata dalilin da ya sa ake wanke hannu.

Yanzu littattafai. Ba ki yi asarar kuɗinki ba, yarinyar da ta haddace littafi uku tana da shekara biyar an sa mata son karatu, wannan kuwa riba ce. Sai dai aikin da kika ɗora musu ba nasu ba ne. Mu manya muna ganin jan tsuntsu da shuɗin tsuntsu sun sasanta, nan take mu gane da mutane ake. Ƙaramin yaro ba ya yin wannan tsallaken, a wurinsa labarin tsuntsaye labarin tsuntsaye ne. Masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada sun gwada haka a 2017 da yara 'yan shekara 4 zuwa 6. Labari ɗaya ne kan kyauta da rabawa, wasu aka karanta musu shi da hotunan dabbobi masu magana, wasu da hotunan mutane. Aka ba kowa sitika, aka ba shi damar ya rage wa wani yaro. Waɗanda suka ji labarin mutane sun ƙara yawan abin da suke bayarwa, masu labarin dabbobi ba su ƙara ba. To in rabon sitika ma bai tsallako daga dabba zuwa mutum ba, ina ga tsoron taɓa hannu?

Ki nemi littafin da mutane ne a ciki, yara sa'o'inta. In kin samu mai zabiya a ciki, madalla. In ba ki samu ba, duk wanda ke da yaro mai wata kama ta daban, mai keken guragu ne, mai tabarau ne, mai wani launi ne, zai yi. Amma ki buɗe ki karanta har ƙarshe kafin ki biya, don akwai irin da nake so ki guje wa, kuma su suka fi yawa: waɗanda yaron da ya bambanta yake zaune a gefe yana hawaye daga shafin farko, ana tsokanar sa, sai a shafin ƙarshe ya ceci wani daga halaka ko ya ci gasa, sannan a rungume shi. Manya suna son irin wannan labari don yana taɓa zuciya. Ki duba abin da yaro yake kwasa daga ciki. Ya ga shafi goma na yadda ake tsokana, har ya koyi sababbin kalmomin zagi, sannan ya ga sai mutum ya yi abin bajinta kafin a yarda a zauna da shi. 'Yar ajinsu kuwa ba wanda za ta ceta, zama kawai take so ta yi a benci kamar kowa. Haka ma littafin da ke neman a ji tausayi. Tausayi daga sama yake kallon mutum, ba ya haifar da ƙawance.

Wanda ya fi aiki shi ne labarin da yara biyu, ɗaya kamar 'yarki ɗaya daban, sun riga sun zama ƙawaye, kuma damuwarsu wata ce can: ƙwallonsu ta faɗa bayan katanga, ko kyanwarsu ta ɓata, suna nema tare, suna gardama, suna shiryawa. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya yi bayanin cewa cuɗanya tana rage ƙyama in mutane suna matsayi ɗaya kuma suna neman abu ɗaya tare. Daga baya aka gano ko ganin wani naka yana abota da wanda kake gudu yana rage ta. A kan wannan ne masu bincike na Jami'ar Kent a Ingila suka shiga makarantu, suka yi mako shida suna karanta wa yara 'yan shekara 5 zuwa 11 labaran abota tsakanin yaran Ingila da yaran 'yan gudun hijira, aka ga ra'ayin yaran game da 'yan gudun hijira ya gyaru. Sun yi makamancinsa da labaran yara masu naƙasa, sakamakon ya zo ɗaya. An wallafa duka biyun a 2006. Abin da nake so ki riƙe a ciki shi ne ba karatu kaɗai aka yi ba, bayan kowane labari ana zama a tattauna, kuma sakamakon ya fi kyau a inda ba a ɓoye bambancin ba, ana faɗin sa ƙarara.

Tattaunawar ita ce aikin. A jihar Teksas ta Amurka an taɓa yin bincike da iyalai kimanin ɗari masu 'ya'ya 'yan shekara 5 zuwa 7, aka ba wasunsu shirye-shiryen bidiyo masu nuna yara na launi daban-daban. An roƙi wasu iyayen su yi magana a fili kan launin fata, akasarinsu suka kasa, suka tsaya a kan "kowa ɗaya ne". 'Yan ƙalilan da suka daure suka yi maganar sosai, an ga sauyi a 'ya'yansu. Don haka in kina karantawa, ki riƙa tsayawa. Ki nuna hoto ki ce, "Dubi, ta riƙe hannun ƙawarta. Fatarta ta sauya a shafi na gaba? Mu duba." Ki tambaye ta wacce ta fi gudu a cikinsu, me ya sa wannan ta ɓata rai, da ita ce me za ta yi. In littafin da wani harshe aka rubuta shi, ki bar rubutun ki ba da labarin da bakinki, hotunan ne nata. In kuma kin rasa littafin gaba ɗaya, ki ninke farar takarda ku yi naku: ke ki zana, ita ta shafa launi, ta raɗa wa yaran suna. Kada dai ki sa sunan 'yar ajin nasu, kuma kada ki mai da kowane dare wa'azi. Littattafan dabbobin su ci gaba da zagayowa, sabon ya shiga cikinsu kamar kowane.

Akwai wata kalma a wasiƙarki da ta fi damuna fiye da kukan, ita ce "irinsu". 'Yar shekara biyar ba ta ƙirƙiro wannan, ji ta yi. A 2012 Marjorie Rhodes ta Jami'ar New York da abokan aikinta suka ƙirƙiri wasu mutane da babu su a duniya, suka sa musu suna Zarpie, suka zana su a littafi mai hotuna, maza da mata, manya da yara, launi iri-iri, yadda ba wata kama da ta haɗa su. Aka karanta wa 'yan shekara 4. Hotuna ɗaya ne, jimlolin ne suka bambanta: wasu yaran suna jin "Zarpie suna yin kaza", wasu suna jin "wannan Zarpie ɗin yana yin kaza". Waɗanda suka ji jimlar jam'i sai suka fi ɗauka cewa Zarpie wani jinsi ne na daban, halinsu a jininsu yake, duk ɗaya suke. Ba a zagi Zarpie ko sau ɗaya a littafin ba, sigar maganar kaɗai ta isa. Wannan ya sa nake jan kunnenki ko a wajen yabo. In kika ce "zabaya mutanen kirki ne", kin gyara hukuncin amma kin bar katangar a tsaye, kin tabbatar mata cewa akwai "su" da ake yi wa hukunci a dunƙule. Ki ce "wance tana da kirki", "wance ta iya zane", da sunanta. Kuma ki sa kunne a kan naki bakin na mako guda, ki ji sau nawa ake cewa "ai mutanen wuri kaza haka suke", "masu addini kaza ba su da amana", "'ya'yan talakawa", "mata dai". Dukanmu muna yi, a waya, a hira da baƙi, muna zaton yaran wasa suke. Littafi minti goma yake samu a dare, hirar gida kuwa yini take.

Wannan ya kawo mu ga Hajiya. Zargi kike yi, ba tabbas ba, kuma irin wannan magana tana yawo a bakin yara a filin wasa ma. Kada ki tunkare ta da tuhuma, kada kuma ki tsare jikarta da tambaya har ta ambaci sunanta, don ranar da zancen ya koma kunnen Hajiya cewa an sa yarinya ta ba da shaida a kanta, batun zabiya ya ƙare, an shiga wani. Aikin ɗanta ne, kuma ba sai ya ce "ke kika faɗa" ba. Ya ba ta labari kawai: an kira daga makaranta, ga abin da jikarki ta yi, ga yarinyar mutane ta koma gida da kuka, mun bincika an ce ba a ɗauka, muna so ki taya mu lallashin ta tunda tana jin maganarki. Babba ya fi saurin sauka daga kan magana in an ba shi matsayin mai gyara, ba na mai laifi ba. In mai riƙo da addini ce, ya tuna mata aya ta 22 a Suratur Rum, inda aka lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, da aya ta 11 a Hujurat da ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi. In duk da haka ta sake faɗa a gaban yarinyar, kada ki yi musu da ita a wurin. Daga baya ki ce wa 'yarki, "Da can haka mutane da yawa suka ɗauka, Hajiya ma haka aka gaya mata tana ƙarama. Yanzu likitoci sun gano ba haka ba ne." Yaro yana iya riƙe abu biyu, cewa kakarsa abar girmamawa ce, kuma a wannan batu ba ta yi daidai ba.

Sai yarinyar da aka yi wa abin, wadda duk cikin wasiƙarki ita ce ba ta da mai magana da yawunta. 'Yarki tana bin ki bayani, ita kuma tana bin 'yarki ban haƙuri. Ki bari sai tsoron ya sauka, kwana kaɗan, sannan ta je ta ce "ki yi haƙuri da abin da na faɗa", gajere, ba a gaban aji ba. Ki raba mata abu biyu a fili: ba dole ne ta zama ƙawarta ba, amma dole ne ta gaishe ta, ta zauna inda malama ta ce, kuma kada ta kira ta da wani suna ban da nata. Ƙawancen dole yakan koma haushi, kuma 'yar mutane ba allon koyar da 'yarki ba ce. Kada ki gayyato ta gida don a yi darasi da ita. In kin haɗu da mahaifiyarta a bakin makaranta, ki gaishe ta da hannu, ki shafa kan yarinyar kamar yadda za ki yi wa kowane yaro, 'yarki tana kallo. Wannan zai amsa mata tambayar "zan kamu?" fiye da duk abin da za ki karanta.

Ki koma wurin malamar ki roƙe ta abu biyu. Ta daina matsa batun riƙe hannu a yanzu, ta ba su wani aiki da sai mutum biyu, kamar raba littattafai ko haɗa hoton da aka yayyanka, tare da wasu yaran don kada ya zama su kaɗai ake kallo. Sannan in za ta karanta wa aji duka irin littafin da na kwatanta, ta fara shawartar iyayen yarinyar, don wasu suna so a yi bayani a fili, wasu kuma ba sa so a mai da 'yarsu abin nuni. Ki tambaye ta kuma ko bencin nasu yana gaba kusa da allo, nesa da hasken taga, don wurin da ya dace da idon yarinyar ke nan.